FULIN GABAN INJI: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN MOTOCIN JIF MASU SHAN MAN GAS



Abin da za a yi magana a kansa cikin wannan jawabi wani ɗan ƙarfe ne da ke gaban injin mota, wanda faɗinsa bai fi taƙi guda ba, nauyinsa kuwa ko yaro ya ɗauka. Galibin masu mota har su rabu da ita ba su taɓa ganinsa ba, domin yana can ƙasa bayan lagireto da fanka, ƙura da baƙin mai sun lulluɓe shi. Makanikai suna kiransa fulin inji, waɗansu kuma su ce fulin karanshaf. Sunan da masu ƙera motoci suka ba shi ma'anarsa mai kwantar da girgiza, wannan kuwa shi ne ainihin aikinsa.

Wani zai ce, ina ruwan hakimi da fuli, ba ga direba ba, ba ga makanike ba? To, ai hakimi ne ke zaune cikin motar ran da za ta tsaya a dawa, tsakanin wannan ƙauye da wancan, watakila ma da marar lafiya a baya ana gaggawar kai shi asibiti. Shi ne kuma za a kawo wa takardar kuɗin gyara ya sa hannu, malaminsa ya shigar a littafi. Wanda bai san abin da aka gyara ba kuwa, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Motocin da ake nufi su ne manyan nan masu tsayi daga ƙasa, waɗanda ake ce wa jif, masu jan ƙafa huɗu, da ake shiga rairayi da taɓo da su. Land Rover ta fara fitowa a Ingila cikin 1948, aka soma sa mata injin man gas cikin 1957. Toyota ta Jafan ta raɗa wa tata suna Land Cruiser cikin 1954. Mitsubishi ta fito da Pajero cikin 1982, ta daina ƙera ta cikin 2021, amma har yanzu suna nan birjik a hannun mutane. Daga cikin waɗannan akwai masu shan fetur, akwai masu shan man gas, wanda mutanen Nijar ke ce wa gazuwal. Duka suna da fulin nan, amma na man gas ya fi shan wahala, za a kuwa ji dalili.

YADDA INJI KE DUKAN KARANSHAF

A cikin inji akwai silinda, huɗu ko biyar ko shida, kowace da fistin a cikinta yana hawa yana sauka. Ƙarƙashinsu duka akwai wani dogon ƙarfe mai gwiwa-gwiwa, shi ne karanshaf. Aikinsa ya mai da hawa da saukar nan su zama juyi, juyin ya bi ta giya ya isa ga taya. Mai kallo daga waje zai zaci sumul karanshaf ke juyawa, amma a gaskiya da bugu ake tura shi. Duk sa'ad da mai ya kama wuta cikin silinda ɗaya, sai fistinta ya sauko wa gwiwar da ƙarfi, sa'an nan ya saki, wata silinda ta karɓa, kamar dai mata suna lugude a turmi guda.

Kowace silinda sau ɗaya take bugu cikin juyi 2. Saboda haka inji mai silinda 4, in yana juyi 2,000 a minti ɗaya, watau tafiya ce ta tsaka-tsaki, yana dukan karanshaf sau 4,000 a minti, kusan sau 67 ke nan kafin daƙiƙa ɗaya ta wuce. Rangadin sa'a 3 bugu 720,000 ne. Mai silinda 6 kuwa sau 100 yake bugu a daƙiƙa.

Bugun injin man gas ya fi na fetur nauyi nesa ba kusa ba. Shi ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa, wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya fara aiki sosai a birnin Augsburg cikin 1897. Injin fetur yakan matse iska wajen kashi 10 ta koma kashi 1, na man gas kuwa daga kashi 15 har zuwa 22. Bugu da ƙari, injunan yanzu sun ƙanƙance amma ƙarfinsu ya ƙaru. Injin Toyota mai lamba 1HZ, wanda ya fito cikin 1990, lita 4.2 ne, silinda 6, ƙarfinsa wajen doki 130. Wanda ya fito cikin 2015 mai lamba 1GD lita 2.8 ne kawai, silinda 4, amma ƙarfinsa ya haura doki 170. Watau an rage masu lugude, an ƙara wa taɓarya nauyi.

To, a bayan karanshaf akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi inda kuloci ke kamawa. Saboda nauyinsa ba ya saurin canja gudu, sai ya zama kamar ya riƙe ƙarshen baya. In bugu ya sauka sai gaban karanshaf ya ɗan murɗe, yadda wanki ke murɗewa in mutum ɗaya ya riƙe gefe, ɗaya yana matsewa. Da bugun ya wuce sai ƙarfen ya warware, har ya ɗan zarce ta ɗaya hannun. Murɗewar ba ta da yawa, ba ta kai ko kashi 1 cikin 360 na kewayen da'ira ba, ido ba ya ganinta. Amma kowa ya san yadda ake karya waya in babu almakashi: a lanƙwasa nan, a lanƙwasa can, tun tana ƙi har ta gaji ta rabu biyu. Ƙarfe ma yana gajiya.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan haɗari, ya kamata a tsaya a fahimce shi. Yarinya ta ɗauko ruwa a ƙwarya daga rijiya. In tana tafiya a hankali ruwan yana kwance. In ta kai wani sauri na musamman, inda takunta ya zo daidai da kai da komowar ruwan, sai ya riƙa tambal-tambal, kowane taku yana ƙara masa, har ya zube mata a jiki, alhali ba gudu take yi ba. In ta ƙara sauri ko ta rage, sai ya lafa. Haka karanshaf yake. Kowane yana da wani gudu wanda in inji ya kai shi, bugun fistin zai zo daidai da murɗewa da warwarewarsa, kowane bugu ya hau kan na baya. In direba ya daɗe a wannan gudu, kuma babu abin da ke kwantar da girgizar, karanshaf yana iya karyewa kamar rake. Karanshaf mai tsawo, irin na silinda 6, ya fi saurin murɗewa.

Mata sun san maganin nasu, sukan tsinko ganye su ɗora a kan ruwan. Masu ƙera motoci kuwa sun sha asarar karanshaf a farkon zamanin mota kafin su sami nasu ganyen. Wani injiniya Bature na Ingila, Frederick Lanchester, shi ne ya yi rajistar dabarar cikin 1910. Nasa da faya-fayan ƙarfe masu gugar juna ya yi, daga baya aka koma ga roba.

ƘIRAR FULIN

Fulin da ke kan motocin jif kashi uku ne, ko da yake in an dube shi sai a ce guda ne. Akwai cibiya ta ƙarfe, wadda ake cusawa a hancin karanshaf a ɗaure da babban noti. Akwai zoben ƙarfe mai nauyi a waje. Tsakaninsu kuma akwai roba, an matse ta ko an manne ta, kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Babu wani abin da ya haɗa zoben da cibiya sai wannan roba.

In gaban karanshaf ya fizga, cibiya takan bi shi nan take, amma zobe saboda nauyinsa sai ya yi nawa. Robar da ke tsakani ita ce ke shan ja, ta miƙe ta koma, ta mai da fizgar nan ta zama zafi ya bi iska. Matsayinta matsayin gammo ne tsakanin kai da kaya. Nauyin zoben da taurin robar kuwa ba da ka aka zaɓe su ba, an auna su ne daidai da karanshaf na wannan inji. Shi ya sa fulin wata mota, ko da ya shiga, ba lalle ne ya yi aikin ba.

A galibin motoci, bisa zoben nan ne aka yi kwarin da fanbel ke bi. Fanbel kuwa shi ke juya altaneta mai cika batir, da famfon da ke sauƙaƙa sitiyari, da injin sanyaya cikin mota, a motoci da yawa har da fanka da famfon ruwa mai hana inji zafi. Akwai kuma wani abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Injin man gas ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimakon birki yadda na fetur ke yi, sai an sa masa famfo na musamman. A waɗansu injuna, kamar 4D56 na Mitsubishi da tsofaffin injunan Hilux, famfon nan a bayan altaneta yake. Ran da fanbel ya faɗi, birki ma zai yi tauri.

Manyan motocin ɗaukar kaya da manyan janareto sukan yi amfani da wani iri dabam, wanda zoben ke iyo cikin wani mai mai kauri kamar zuma, an rufe shi ruf cikin gwangwanin ƙarfe. Shi wannan in ya lotsa ko ya fara yoyo ya gama aiki. Wannan a taƙaice ke nan, domin ba shi ne aka fi samu a jif ba.

ABIN DA KE KASHE ROBAR

Na farko shi ne zafi da shekaru. Inji mai lafiya ruwansa yana tsakanin awo 80 da 90 na ma'aunin zafi, ga zafin da robar ke haifarwa da kanta, ga kuma bazara, wadda a Sakkwato da Maiduguri da Nguru takan wuce awo 40 a inuwa cikin watan Afrilu. Roba a irin wannan hali takan bushe ta yi tauri, sa'an nan ta tsattsage, kamar tsohon takalmin da aka manta a rana. Motar da aka ajiye shekaru ba a hawa, ita ma robarta tana tsufa. Kada ƙarancin tafiyar da agogon mota ya nuna ya ruɗi kowa.

Na biyu, wanda ya fi sauri, shi ne mai. Daidai bayan fulin akwai wata 'yar roba mai kewaye da hancin karanshaf, wadda ke hana baƙin mai fitowa. In ta gaji sai mai ya riƙa tsattsafowa yana jiƙa fulin. Baƙin mai da man gas kuwa abokan gaban irin wannan roba ne, sukan sa ta kumbura ta yi laushi ta saki ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Direban da ya ga ɗigon mai a ƙasa daidai gaban inji kowace safiya, ya ce ai kaɗan ne, ya ci gaba da ƙara mai, yana kashe fuli ne bai sani ba. Haka kuma yaran da ke wanke inji da man gas ko kananzir don ya yi ƙyalli.

Sauran dalilai su ne ɗaure fanbel fiye da kima, da injin sanyaya mota in ya fara cijewa, da injin da silindarsa ɗaya ba ta ƙona mai daidai, da halin nan na waɗansu direbobi na jan mota a babbar giya tana tafiya a hankali, inji yana kakkarwa, wai suna tattalin mai.

ALAMU

Fuli ba ya mutuwar fuju'a sai nadiran, yakan yi ta ba da sanarwa. Da fari a ji fanbel yana ƙara, musamman da safe ko in an juya sitiyari. A ɗaure shi, ƙarar ta tafi, bayan kwana kaɗan ta komo. A sayi sabon fanbel, shi ma kafin wata biyu gefensa ya cinye. Nan ne direba zai zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, fanbel ɗin yanzu ne ba su da kyau." Watakila da gaskiyarsa. Amma motar da ta ci fanbel biyu a jere, lalle a dubi fulinta.

Sa'an nan akwai girgizar da ba a saba ji ba, wadda ke zuwa a wani gudu ta ɓace a wani. Akwai ƙwanƙwasa daga gaban inji in yana aiki a tsaye. Akwai jar fitilar batir mai kamawa tana mutuwa, da warin roba mai ƙuna, da baƙin gari kamar na gawayi a kewayen fulin.

Dubawa ba ta bukatar makanike. A kashe inji, a zare makulli a riƙe a hannu, a haska tocila. In an ga robar ta tsage, ko ta bulluƙo waje, ko wani yanki ya fita, ko ta jiƙe da mai, to magana ta ƙare. In ba a ga kome ba, sai a sami farin fenti a ja layi guda miƙaƙƙe, daga cibiya ya haye roba ya hau zobe. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake dubawa. In layin yana nan a miƙe, lafiya. In ya rabu, na cibiya yana nan na zobe yana can, zoben ya fara zamewa ke nan, ko da kuwa bambancin bai fi ƙwayar gero ba.

Ana kuma iya ta da inji a tsaya daga gefe a kalli fulin yana juyi. Mai lafiya kamar a tsaye yake, mai ciwo kuwa rawa yake yi. Amma a nan akwai gargaɗi mai nauyi, musamman ga manya. Kada wanda ke sanye da babbar riga ko rawani ko mayafi ya sunkuya kan injin da ke aiki. Fanbel in ya kama gefen tufa ba ya saki, kuma ya fi hannun mutum sauri.

IN AKA ƘYALE SHI

Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne zoben ya saki sarai, cibiya tana juyi shi yana tsaye. Batir ya daina cika, sitiyari ya yi nauyi, in famfon ruwa a kan fanbel yake, allurar zafi ta haye cikin 'yan mintoci. Wani lokaci zoben yakan zame baya ya riƙa cin murfin gaban inji har ya huda shi. Wani lokaci ya fito gaba ya faɗa wa fanka da lagireto, ko ya fice ta ƙasa. Ƙarfe ne mai nauyi yana juyi dubbai a minti, duk abin da ya tarar sai ya yi masa ɓarna.

Mafi muni iri biyu ne. A injunan da bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul yake bayan fulin, zaren fanbel da ya tsinke yana iya naɗewa ya kutsa ciki, bel ɗin ya tsallake haƙori. A injin man gas tsakanin fistin da bawul babu sarari, saboda haka sai su yi karo, kan inji ya lalace. Ɗayan kuwa shi ne karyewar karanshaf kansa. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne, sai an sauke inji an wargaza shi, kuɗinsa kuma ya ninka na fuli sau da yawa, ban da makonnin da mota za ta yi a gareji hakimi yana aron ta wani.

In abin ya faru ana cikin tafiya, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sani birki zai iya yin tauri bayan taku biyu ko uku, ya gangara gefe ya kashe inji. Kada a matsa masa da cewa ai gari ya kusa. Ɗan jiran motar da za ta ja ta ya fi sayen inji.

SAYEN SABO

Kafin a aika kasuwa, malami ya kwafi lambar inji da lambar jikin mota daidai, harafi da harafi, domin mota iri ɗaya takan zo da injuna dabam-dabam. Pajero kaɗai akwai mai 4D56, da mai 4M40, da mai 4M41, fulinsu kuwa ba ɗaya ba ne. In da hali a tafi da tsohon a gwada su gefe da gefe, a ƙirga kwarin fanbel, a dubi zurfin cibiya.

A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da sauran kasuwannin kayan mota ana samun iri uku: na kamfanin da ya ƙera motar, da sabo na wani kamfani, da kuma wanda aka ciro daga tsohon inji, wanda ake ce wa ɗan Beljiyam. Ga kayan ƙarfe zalla ɗan Beljiyam yakan yi kyau, har wani lokaci ya fi sabo na banza. Amma ga fuli shawara ita ce a guje shi. Abin da ke mutuwa a fuli roba ce, robar ɗan Beljiyam kuwa sa'ar wadda ta mutu ce, ko ma ta girme ta.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, wadda ya wajaba hakimai su hana a kan motocin da ke hannunsu. In zobe ya saki, sai a kai wa mai walda ya like shi da cibiya, ko a huda a ɗaura ƙusoshi. Mota ta tashi, fanbel ya juya, kowa ya yi murna an tsira da kuɗi kaɗan. Alhali abin da aka yi shi ne an cire gammo an bar kaya a kan ƙoƙon kai, an kuma ƙara wa hancin karanshaf nauyin da ba daidai yake ta kowane gefe ba. In a daji ne babu yadda za a yi, to a yi don a isa gari a hankali, a canja shi washegari. Barinsa a kai wata da watanni kuwa ganganci ne da dukiyar jama'a.

YADDA AKE CANJAWA

Ba a ce hakimi ko malami ya riƙe sifana ba, amma ya kyautu wanda aka aika gareji ya san abin da zai sa wa ido.

Makanike zai fara cire kan batir, ya zana yadda fanbel ya bi kafin ya kwance shi, ya cire murfin fanka, a waɗansu motoci har da lagireto don a sami wuri. Sa'an nan a zo ga babban noti, wanda yana cikin mafi tauri a jikin mota duka. Akwai ƙarfe na musamman da ake ɗaura wa cibiya a riƙe ta don kada inji ya juya. Waɗansu sukan tokare doguwar sifana da jikin mota su buga sitata don notin ya kwance. Yakan yi, amma in sifana ta kuɓuce tana iya karya hannu ko ta fasa wani abu. Waɗansu kuma sukan gasa notin da wutar walda, su ƙone robar da ke tare mai. Duka biyu ba aikin gwani ba ne. Har wa yau akwai injunan zamani waɗanda notin nan ne kaɗai ke riƙe da daidaiton bawul, in za a kwance shi tilas a fara kulle inji da ƙusoshinsa na musamman. Makaniken da bai san ko injin da ke gabansa irin wannan ne ba, a nemi wani.

Bayan noti ya fita, fulin ba ya zarewa da hannu. Akwai ƙarfen zarewa da ake ɗaurawa a ramukan da ke jikin cibiya, a riƙa juya shi yana jawo ta sannu sannu. Ba a sa guduma, ba a kuma sa ƙarfe a ɓanɓare ta baya. Dukan hancin karanshaf yana lalata abin da ke tare shi daga zamewa gaba da baya a can cikin inji, wannan ɓarna kuwa ba ta bayyana sai bayan watanni, sa'ad da ba wanda zai tuna da gudumar.

In fuli ya fita sai a share hancin a duba. A jikinsa akwai wani ɗan tsagi, a ciki akwai ɗan ƙarfe mai siffar ɓarin goro, makanikai suna ce masa ki, shi ke hana cibiya zamewa. In tsagin ya buɗe ko kin ya cinye, alama ce an taɓa tafiya da noti a sake, kuma sabon fuli ba zai zauna ba sai an gyara wannan. Robar da ke tare mai kuwa a canja ta ko ba ta fara yoyo ba. Kuɗinta kaɗan ne, hanyar zuwa gare ta kuma ga ta a buɗe.

Wajen ɗaurawa a shafa ɗan mai inda cibiya ke gugar robar, a daidaita tsagi da ki, a tura shi ya zauna sosai. A injuna da yawa notin nan yakan ɗan miƙe in an ɗaure shi, saboda haka masu ƙera motar suka ce sau ɗaya ake amfani da shi, a sayi sabo tare da fuli. Ƙarfin ɗaurinsa a rubuce yake cikin littafin gyaran kowane inji, yakan ninka na notin taya sau biyu, wani har sau huɗu. Da sifana mai awo ake ɗaure shi, wadda ke nuna an kai adadin. In bai kai ba zai kwance ya cinye hancin karanshaf, in ya wuce yana iya tsinkewa a ciki. Makaniken da ya ce hannunsa ya san awo, a gode masa, a ce duk da haka ya aro sifanar.

Daga nan a sa sabon fanbel, domin tsohon ya riga ya ci wuya, a juya ƙananan fulolin da yake bi a ji ko akwai mai gurnani. A ta da inji a kalla daga gefe. In sabon fuli ma yana rawa, kada a karɓi motar.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MALAMI

Kowace motar ofis ta kasance da littafinta. Malami ya buɗe shafi domin fuli, ya rubuta ranar da aka duba shi, da abin da agogon mota ya nuna, da wanda ya duba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne duk ran da aka juye baƙin mai, tun da mota tana kan rami, da kuma kafin dogon rangadi, musamman gab da damina, sa'ad da hanyoyi ke yankewa taimako ya yi nisa. A injunan da sai an cire fuli kafin a kai ga bel ɗin bawul, ran da za a canja bel ɗin a dubi fulin da kyau a hannu, in ya tsufa a haɗa su a canja, kuɗin aiki ɗaya ne.

In an yi gyara, rasit ya nuna kowane abu da sunansa da kuɗinsa: fuli, noti, robar tare mai, fanbel, ladan aiki. Kada a karɓi takardar da aka rubuta "gyaran inji" kurum. A kuma dawo da tsohon fulin ofis tare da kwalin sabon, malami ya gani da idonsa, ya nuna wa hakimi. Sabon kuwa tun a gareji a ja masa layinsa na farin fenti, bayan mako guda direba ya kawo motar ƙofar ofis a buɗe a duba layin, a kuma duba ko akwai ɗigon mai a ƙasa.